Ƙafar Tsohon Tela

Aikina a asibiti koya wa mutane hutawa ne, kuma duk wanda ya yi wa aikin dariya bai taɓa neman barci ya rasa ba. Ɗakina ƙarami ne: kujera mai kwantawa, labule mai kauri, kwamfuta, sai wata hula mai wayoyi da nake ɗora wa mutum a ka. Hular ce ke ɗauko motsin ƙwaƙwalwa ta zana shi layi-layi a fuskar kwamfutar. In hankali a tashe yake, layukan kan fito ƙanana suna rige-rige, mu muna ce musu beta. In mutum ya lumshe ido ya saki jiki, sai su buɗe su riƙa tafiya a natse, su ne alfa. Mutum zai iya ce min lafiya lau, amma layukan nan ba su san kara ba.

Akwai wani tsohon tela, babbar 'yarsa ce ta kawo shi, ma'aikaciyar banki, irin masu magana suna duba agogo. Kafin ya gama zama ta zayyana min komai. Bara hawan jini ya kwantar da shi, likita ya ce ya rage wahala, su kuma 'ya'yan suka haɗa kai suka rufe shagonsa, suka sayar da keken ɗinkin don kada ya saci jiki ya koma. Suka saya masa sabuwar katifa da talabijin mai faɗin ƙofa. Amma tun daga nan barci ya ƙaurace masa, ya rame, ya koma mafaɗaci har jikoki na gudunsa. Jinin ya ƙi sauka, likita kuma ya ce in ya sake faɗuwa ba lallai ya tashi ba.

Na gwada duk abin da na iya. Na koya masa jan numfashi a hankali, ya ja kamar mai hura wuta. Na sa masa ƙarar ruwan sama a kunne, ya ce ta tuna masa da yoyon rufin shago. Na sa kukan tsuntsaye, ya tambaye ni ko babu mai korarsu. Makonni muna wannan fama, layukansa na nan a cukurkuɗe. Raina ya fara ɓaci, don ni ma ba na son a kayar da ni.

Wata rana da hantsi na gaji, na cire masa abin kunnen, na ce ya rufe ido kawai ya kai kansa duk inda ya fi jin daɗin zama a duniya. Na juya ina gyara wayoyi, sai na ji kujerar na ɗan motsi. Ƙafarsa ta dama ce ke hawa da sauka, dunduniya da yatsu, a hankali, yadda ake taka fedar keken ɗinki. Tafukansa na kan cinya suna tura yadin da babu shi. Na kalli kwamfuta, layukan sun buɗe, manya, a jere. Ban taɓa ganin alfa masu kyau haka a kan dattijo ba. Can sai suka ƙara lafawa, bakinsa ya ɗan buɗe, barci ya ɗauke shi.

Na leƙa waje na yafito 'yar tasa da ke jiransa. Na nuna mata kwamfutar, sannan na nuna mata ƙafar, wadda har lokacin ba ta gama tsayawa ba. Ta daɗe a tsaye da jaka a hannu, wayarta na ta kuka a ciki ba ta ɗauka ba. Tausayinta ya kama ni, don da zuciya ɗaya suka yi abin da suka yi.

Da ya farka ta durƙusa gabansa.

"Baba, yau zan je in karɓo maka kekenka, ko nawa ne."

Ya cire hular da kansa ya miƙo min, ya ce mata kada ta wahalar da kanta. Ashe ya bi sawun keken tuntuni, ya gano shagon wanda ya saya. Mutumin ya ɗora masa injin lantarki, fedar da ƙarafan ƙasan kuma ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, an farfasa.

"Ka je ka gani, Baba? Me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"Na ga kuna ta murna kun hutar da ni," in ji shi. "Ban so in ɓata muku ba."