Malam Datti Ya Sha Ruwa da Ranar Gamboru

Malam Datti na Gazara zai rama azumi, amma ya tsira daga kaffara. Hukuncin da liman Malam Safiyanu ya yanke ke nan a goman ƙarshe na azumin bana, a tsakar gidan dattijon, bayan an gano cewa ya daɗe yana buɗa baki da faɗuwar ranar wani gari da ke can ƙurewar gabashin Najeriya.

Abin ya samo asali ne daga aikin ido. Ana dab da ganin wata aka cire masa yana a Zariya, likita ya hana shi shiga rana da hayaƙi. Matarsa Rahmatu ta rataye bargo a ƙofar ɗaki, ta toshe taga da buhu. Manomin rake da bai saba zaman gida ba ya koma zaman duhu, daga shi sai carbi, sai waya, sai tulu da gwangwanin dabino a gefen tabarma.

'Ya'yansa biyu ne a nesa. Saminu yana sayar da busasshen kifi a Gamboru, inda in ka ƙetare gada ka shiga Kamaru. Mukarrama tana aure a Seme, can yamma, bakin iyakar ƙasar Benin, mijinta ɗan albasa ne. Malam Datti bai taɓa wuce Kaduna ba, amma a majalisa yakan ce ƙasar nan ya riƙe ta kamar tukunya, kunnen gabas a hannu ɗaya, na yamma a ɗayan.

Saminu yaro ne mai ladabi. Da ya haɗiye dabinon farko sai ya kira.

"Baba, barka da shan ruwa."

"Har an sha?"

"Mun sha, Baba."

Sai Malam Datti ya yi bisimilla ya laluba gwangwani. Da asuba kuma Mukarrama ce kan kira ta ce ya ƙara kunu, da sauran lokaci, su yanzu suka zauna. Sai ya shanye abin da ya rage a kwano, yana jin kiran salla yana ɗauka na farko ne. Duk mai zuwa dubiya sai ya gaya masa bai taɓa ganin azumi mai sauƙin na bana ba, alhali mutane na zuwa leɓe a bushe.

Ranar da asiri ya tonu, Rahmatu ta shigo neman ludayi, ta ɗaga bargo, hasken yamma ya faɗo a kan mijinta da moɗa a baki.

"Malam, lafiya?"

"An sha ruwa. Ke ba ki ji ba?"

"A ina aka sha?"

"A Najeriya."

Ta ɗauke gwangwanin, washegari da la'asar ta aika aka roƙi liman ya zo dubiya.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, aka fito da Malam Datti cikin baƙin tabarau. Tun daga lafiyar ido har zuwa rake da iyali aka gaisa, shi kuwa hankalinsa na kan abu ɗaya. Ya san idan liman ya ce da gangan ne, kaffara ce: azumin wata biyu a jere, ga damina tafe, ko ciyar da miskinai sittin daga rumbun da suke zaune a gindinsa. Ya ɗaga kai ya dubi rumbun.

"Allah gafarta malam," in ji shi, "ƙasa ɗaya ce. Wata ɗaya aka sanar mana daga Sakkwato. In rediyo ya ce ƙarfe shida, ai har a Gamboru ƙarfe shida ne."

"Agogon ɗaya ne, rana ce ba ta san da wannan yarjejeniya ba," in ji liman. "Tana faɗa musu kafin mu, mu kuma kafin su Mukarrama. Amma kai ba ka jin ladan daga baya?"

"Ina ji. Ladan Salman ai tun muna yara ba ya zuwa ko'ina a kan lokaci."

"To magariba fa, yaushe kake yi?"

"Salla kam sai ya kira."

"Wato a salla Salman kake bi, a dabino kuma Gamboru."

Malam Datti ya gyara tabarau.

Daga bakin madafa Rahmatu ta yi gyaran murya. "Allah gafarta malam, ni shaida ce. Tun da aka yi aikin nan bai san dare bai san rana ba. Shekaranjiya da azahar ya ce mini ina kwana. In wayo ne, da ya ɓoye moɗar da na shigo. Miƙo mini ya yi."

Ana cikin haka wayar Malam Datti ta yi ƙara. Liman ya karɓa ya buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Baba, barka da shan ruwa," in ji Saminu, yana tauna.

Rana na nan zaune a kan tsamiyar bayan gida, ja wur. Malam Datti ya daɗe yana kallonta ta cikin tabarau. Hannunsa na dama, da kansa, ya riga ya fara lalube a gefen tabarma.

"Saminu," in ji liman, "daga yau in ka sha, ka yi salla, ka ci tuwo, ka huta, sannan ka kira."

Nan ya yanke hukunci: kuskure ne, ramuwa kawai, duk ranar da ya bi ɗaya daga cikin wayoyin nan. Malam Datti ya sauke ajiyar zuciya, sannan ya tambaya ko zai iya zuwa Gamboru ya rama a can, tunda ranarsu ba ta da naci.

"Alfijir ɗinsu ma ba ya jira," in ji liman, yana neman takalmi.

Saura lissafi. Rahmatu ta ce tun daga ɗaya ga wata za a fara. Malam Datti ya ce sabis ɗin waya a Gamboru ba kullum ba ne, akwai ranakun da ya jira Salman dole. Saminu ya ce shi dai ya san yana kira kusan kullum. Mukarrama, da ta ji da ita a ciki, ta ce ita gaisuwa kawai take yi. Liman ya ce a ɗauki adadin da zuciya ta natsu da shi, sai aka tarar zuciyar Rahmatu da ta mijinta ba wuri ɗaya suka natsu ba.

An yi ƙaramar salla, Malam Datti ya fara ramuwa Litinin da Alhamis, waya kuma tana madafa daga la'asar. Har yanzu ba a tsayar da ranar da zai gama ba.