Merce Ɗinka, In Ji Gari

Mutanen garinmu Paipa suna cewa wai ni Eduviges gulma gare ni. Sharri ne. Kunne gare ni, kuma Allah bai yi masa murfi ba. Abin da ya shiga kuwa dole ya nemi ƙofar fita, in ba haka ba ya kumbura mutum.

Ɗana Aristóbulo yana da mota mai bin 'yan keke a baya, irin baƙin nan da ke zuwa hutu don su sha wahala. Da rana su hau duwatsunmu suna haki, da yamma su jiƙa ƙasusuwansu a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A gidanmu suke sauka. Ni ke dafa musu, ni kuma ke zama gaban mota da fulas na ruwan mazarƙwaila da alewar gwaba, ina jiran wanda zai fara sarewa.

Bana aka kawo mana mutum tara daga Uruguay, ƙasar da aka ce shimfiɗe take kamar faranti. Dutsen da suke taƙama da shi, in ji Aristóbulo, in aka auna daga bakin teku, akurkin kajina ya ninka shi biyar. Duk tsofaffi ne, sun aske gashin ƙafa, sun ɗame cikin matsattsun wanduna, abin da ya kamata ya tsaya tsakanin mutum da likitansa duk ga shi a bainar jama'a.

Uku ne suka shafe mu. Akwai Washington, shugabansu, mai tumbi da murya kamar lasifika. Akwai Doña Mercedes, da suke kira Merce, tsohuwar malamar makaranta wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ga ƙafa kamar ta barewa. Sai Don Heber (Don da Doña a wajenmu kamar Malam da Malama ne), mai kantin magani da ya yi ritaya, tuzuru ɗan shekara sittin da huɗu, dogon wuya, kullum yana bayan Merce kamar inuwarta.

Safiyar farko na kai masa romon madara da ƙwai, na ce, "Ga naka, sumercé."

Sai cokali ya kuɓuce masa. Kunnuwansa suka yi ja kamar tumatir. Ya saci kallon Merce, ya dube ni, ya sunkuya. Na ce a raina, Eduviges, in ka ji gangami da labari.

Kashegari a hawan farko iska ta yi masa kaɗan, ya shigo mota. Aristóbulo na waje yana ɗaure keken a sama. Don Heber ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Doña Eduviges, don Allah wa ya gaya muku?"

"Gaya mana me, sumercé?"

"Kin gani ko! Kin sake! Jiya ke, yau mai cuku. Har ɗan sandan bakin gada, mutum da kakinsa, ya sara min ya ce Merce ɗinka. Shekara goma sha ɗaya ko madubi ban faɗa wa ba."

Nan na gane, dariya ta taso min har maƙogwaro, na tura ta da alewa. Sumercé dai a bakinmu mutanen jihar Boyacá girmamawa ce, kamar ka ce ranka ya daɗe. Fada a coci ma ita muke ce masa, mai shara ma ita, ni har akuyata nake ce wa in ina so ta tsaya tatsa. Amma in baƙo ya raba kalmar biyu, su Merce, sai ta zama "Merce ɗinka". Aristóbulo ya yi wa baƙin bayani tun a hanyar filin jirgi, ashe lokacin bawan Allahn nan yana sharar barci.

Mace mai tsoron Allah da nan take ta gyara masa. Ni ma ina tsoron Allah, amma ranar Lahadi ya fi kama ni, wannan kuwa Laraba ce.

Na ce, "Ai nan Boyacá ne. Mu da ba mu yi nisa a makaranta ba, fuska muke karantawa. Kowa ya ga irin kallon da kake wa tayarta ta baya."

Ya dafe kai. Daga nan sai bakinsa ya ɓalle. Ashe ƙarshen wata Merce za ta koma Spain wurin 'yarta, tafiyar da ba dawowa. Wannan hutun na ban kwana ne, ranar Lahadi za su watse.

"To ka faɗa mata mana."

"Na gwada sau uku. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ji ina tambayarta ko tayarta na son iska." Ya kama hannuna. "Ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

Na rantse. An ce ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, na kuwa riƙe maganar nan gam tun ƙarfe sha ɗaya har biyar na yamma. Laifin Merce ne da ta shigo kicin taya ni feraye dankali.

Ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta jujjuya dankali a hannu, ta dube ni.

"Kin ɗauka ban sani ba, Doña? Mutumin da ya fi kowa ƙafa a miƙaƙƙiyar hanya, amma shekara goma sha ɗaya bai taɓa wuce ni ba?"

"To ki taimaki maraya ki fara."

"A'a. Shekara talatin na yi ina sa wa yara amsa a baki, na gaji. In yana da magana ya faɗa da kansa kafin Lahadi. In bai faɗa ba, jirgi ba ya jira." Ta nuna ni da wuƙa. "Ke kuma kada ki kuskura ki gyara masa."

Kun dai ji da kunnenku, umarni aka ba ni.

Ranar Alhamis suka zagaya tafkin bakin gari sau shida, bai ce komai ba. Ranar Juma'a suka je wankan ruwan zafi. Ni ma na bi, saboda sanyin ƙashi, ba don komai ba. Na zauna a bakin kwarmin na tsoma ƙafa. Washington ya kafa kansa kusa da Merce cikin ruwa yana ba ta labarin wata tsere da ya kusa ci tun kafin a haifi Aristóbulo. Don Heber na can ɗaya gefen, fuska shafe da laka, ido biyu kawai ake gani.

Sai ga ƙawata Tránsito mai raba tawul. Ita ba ta san komai ba, na rantse, aikinta take. Ta miƙa wa Washington, da muryarta ta mai talla, "Ga tawul, sumercé!"

Na ga laka ta tsage a goshin Don Heber. Ya keto ruwa ya zo wurina kamar kada.

"Kin ji? Washington ta ce wa! Washington!"

"Na ji."

"To me ke nan?"

"Gari ba ya son jan ƙafa. Wanda aka gani kusa da ita shi ake ba."

"Yana da mata fa! Da jikoki bakwai!"

"Ai gari bai ga matar ba, ko ta zo?"

Ruwan nan namu minti ashirin ake yi a fita, kowane jariri ya sani. Shi kuwa ya koma ya tsuguna tsakaninsu yana gadi har awa guda da kwata. Mutum biyu ne suka tsamo shi, ya yi laushi kamar taliyar da aka manta a wuta.

Ga shi kashegari Asabar, ranar hawa zuwa babban tafkin Tota, hawan da ko motar Aristóbulo sai ta yi tari. A teburin karin kumallo Washington ya dafa shi.

"Heber, ɗan'uwana, yau ka zauna kusa da Doña ka riƙe mata fulas. Ka bar wa maza dutse."

"Tumbinka ma ai dutse ne, kullum kana hawa da shi," in ji Don Heber. Duk tebur aka juyo ana kallonsa, don ba a taɓa jin ya mayar wa kowa magana ba.

Aka kama hanya. Yau bai tsaya a bayanta ba, ya jera da ita kafaɗa da kafaɗa. Kwana na farko lafiya. Na biyar ya fara huci. Zuwa inda gonakin albasa suka fara, keken na tafiya kamar mashayi, Merce ta ba shi rata, Washington ya manne mata. Aristóbulo ya leƙa ta taga.

"Don Heber, a ɗora keken?"

Ko kallonmu bai yi ba. Fuskarsa ta koma kalar toka. Na ce in mutumin nan ya faɗi a titi, me zan gaya wa fada? Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya ke nan, sai ga wani tsohon manomi ya taho daga baya a kan tsohon keke mai ƙara, da mayafin ulu, da takalmin roba, da garwar madara biyu a rataye. Ya wuce Don Heber kamar yana tsaye, ya ɗaga hula.

"Sannu da ƙoƙari, sumercé!"

Don Heber ya ɗago. Ya juyo gare ni, ido waje.

"Kin ji? Sun dawo min da ita!"

Ya miƙe a kan feda. Ban san inda ya samo ƙarfin ba. Ya wuce mutum huɗu, ya wuce Washington da ya tsaya wai ɗaukar hoto alhali numfashi yake nema. Ni ina ta buga ƙofar mota ina ihu kamar a filin ƙwallo, Aristóbulo na cewa, "Mama, za ki karya min ƙofa."

A bakin tafkin, wurin farin yashin nan da ake soya kifi, Merce ta riga ta sauka tana cire hular kwano. Ya iso ya taka birki a gabanta, ya manta takalman nan nasu a maƙale suke da feda. Ya tafi a hankali, shi da keke, rigijib a yashi. Daga nan kwance ya yi maganar.

"Merce. Ƙasar nan kaf ta sani. Mai cuku ya sani, ɗan sanda ya sani, mai madara ma. Duk inda na bi cewa ake Merce ɗinka, Merce ɗinka. Bai kamata ki zama ta ƙarshen ji ba. Ina son ki. Tun shekarar da kika zo da koren keke. Kada ki tafi."

Washington, da ya iso yana haki, ya fashe da dariya har ya riƙe ciki.

"Sumercé? Heber, kai jaki ne? Gaisuwa ce! Kare ma haka suke ce masa!"

Don Heber ya ɗago kai daga yashi. A hankali ya juyo da dogon wuyan nan yana nemana. Ni kuwa murfin fulas ya ƙi buɗuwa, sai da na ba shi duk hankalina.

"Washington, rufe bakinka kada kifi ya shiga," in ji Merce. Ta durƙusa a yashi, ta ɓalle masa takalmin daga feda. "Heber, ka gama ko da saura?"

"Wato gari bai ce komai ba?"

"Gari bai ce komai ba. Kai ka ce. Kai ɗin nake jira dama."

"To Spain fa?"

"Zan je in ga jikata, wata biyu, in dawo. Ka iya ba furanni ruwa?"

Ya gyaɗa kai. Ya dube ta, ya dubi kekenta. "Tayarki ta baya kamar tana son..."

"Heber, ka ambaci iska ka ga in ban tafi ba dawowa ba."

Ranar Lahadi da za su tafi ya same ni a ƙofar kicin. Ya ce a ƙasarsu irina ba a barin ta kusa da mutane. Sannan ya sumbaci goshina, ya ba ni man shafawa na sanyin ƙashi, wanda har yau bai yi min komai ba.

Aristóbulo ya gama loda kekuna, ya buɗe masa ƙofa, ya ce kamar yadda yake ce wa kowa, "Shiga, sumercé."

"Na'am," in ji Don Heber, yana ba ta hanya ta fara shiga. "Tawa ce."

Labarin abin da Tránsito ta tsinta a aljihun Washington kuwa, na rantse ba zan faɗa ba, kuma yau Lahadi ce.