Sai Hollis Ya Faɗi Maki

"Biyu... biyu..." Hollis ya tsaya da ƙwallon a hannu, leɓensa na rawa. Lamba ta gaba ta maƙale masa a maƙogwaro.

"Biyu, biyar, ɗaya!" Curtis Vandermolen ya ƙarasa masa daga ɗaya gefen ragar. "Buga mana, dattijo, kafin ƙanƙarar tafki ta narke muna tsaye a nan!"

Lorraine ta ga kunnuwan ƙanenta sun yi ja. Hollis ya buga, ƙwallon ya faɗa cikin raga.

Rashin sa'a ne ya haɗa su haka. A zauren wasanni na unguwarsu a garin Duluth, duk mai son buga fikilbol, wani wasa mai kama da tanis, safiyar Talata ko Alhamis yakan jera allon bugunsa a layi, huɗun da ke gaba su shiga, na ɗaya da na uku gefe guda. Da layi ya zo kansu, sai Lorraine ta faɗa gefen Curtis, Hollis kuma ya tsallaka raga tare da Bev Lindqvist.

Wata tara ke nan da ɓarin jikin Hollis ya shanye. Hannu ya dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, harshe ne ya ƙi. Shi da ya koya wa Lorraine wasan nan, ya koma zaman kujera gaban talabijin. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, kafin ya yarda ya biyo ta yau, kuma a mota ya kafa mata sharaɗi da kalmomin da ya iya haɗawa: wasa ɗaya. In bai yiwu ba, kada ta sake tayar masa da zancen. Ta san autan gidansu sarai, shekararsa sittin da shida bai taɓa janye magana ba.

Ga shi kuma wasan yana da ƙa'ida: mai bugun farko sai ya faɗi maki da ƙarfi kafin ya buga, lamba uku a jere: makin gefensu, makin abokan karawa, sai lambarsa ta mai bugu, ɗaya ko biyu.

Shi Curtis ba mugu ba ne, bakinsa ne ba linzami. Shekara talatin yana sayar da motoci, har yau bai san an tashi kasuwa ba. In ka buga da kyau ya ce sa'a ce, in ka kuskure ya yi maka darasi kyauta. Wasu in sun ga allonsa sai su janye nasu su ce za su sha ruwa. Wasu sun gwada mayar masa da magana, suka koma gida da ciwon kai.

Bugu ya zagayo ya sake dawowa hannun Hollis. Ya buɗe baki.

"Uku..."

"Uku, bakwai, biyu. Kai, ni na ɗauke maka wannan aikin, abokina. Bev, ki riƙa tsayawa kusa da shi, kar ya manta inda ragar take!"

Hollis ya dubi ƙofa, inda rigarsa ta sanyi ke rataye. Lorraine ta ga wannan kallon.

Ita ce mai karɓar bugun. Sai ta ɗaga allonta sama da kanta, ta tsaya cak. Kowa a zauren ya san alamar: mai karɓa bai shirya ba, kuma ba a buga wa wanda bai shirya ba.

"Lorraine, lafiya?" in ji Curtis.

"Ban shirya ba."

"Me kike jira?"

"Maki. Ban ji daga bakin mai ƙwallo ba."

"Ai yanzu na faɗa miki!"

"Kai ne da ƙwallon?"

"Haba, baiwar Allah! Taimakonsa nake yi. Mutane goma sha biyu na kan benci suna jira, ni kuma zan ga likitan haƙori ƙarfe goma sha ɗaya."

Ta ci gaba da riƙe allon sama. Lorraine ta tuƙa motar ɗaliban makaranta shekara talatin da ɗaya, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. In hayaniya ta yi yawa, takan gangara gefen titi ta kashe inji ta naɗe hannu, har masu surutun su gaji da jin muryar kansu.

Curtis ya yi ta zuba. Ya ce dokar ba haka take ba, ya ce a Arizona da ya buga ba a wannan shirme. Ya juya ga 'yan benci neman mai goya masa baya, kowa ya duƙufa kan kofin kofinsa. Masu wasa a fili na biyu suka riƙe ƙwallonsu suna kallo. Kafaɗar Lorraine, wadda aka yi wa aiki bara, ta fara zogi, amma allon bai sauko ba. Maganar Curtis ta yi ta raguwa kamar famfon da aka ɗauke wa ruwa, har ta tsaya.

"Yauwa," ta ce, idonta na kan ƙanenta. "Auta, ina jin ka."

"Uku." Shiru. Ana jin hucin na'urar ɗumama ɗaki. "Ba... bakwai." Curtis ya ja numfashi, Lorraine ta ɗan ƙara miƙa allon, ya haɗiye. "Biyu."

Ta sauke hannu. Hollis ya bugo, ita kuwa ta maido masa da ƙwallon da dukkan ƙarfinta, daidai ƙafarsa mai ja. Bai taɓa shi ba.

"Lorraine!" Bev ta ce. "Ke ba ki da tausayi?"

"Ya san inda nake bugawa. Shi ya koya mini."

Hollis ya girgiza kai, gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Sau huɗu bugu ya sake zuwa hannunsa, sau huɗu allon Lorraine ya tashi sama tun kafin Curtis ya motsa baki. A na ƙarshe ba ta ma gama ɗagawa ba Curtis ya ce, "Na ji, na ji," ya kama bakinsa. Gefen Lorraine ya cinye, goma sha ɗaya da biyar.

Suka taru a raga suna haɗa gindin alluna kamar yadda aka saba. Hollis bai saki nasa daga jikin na Curtis ba.

"Cur... Curtis."

Lorraine ta dubi Curtis. Yanzu ba ta da allon da za ta ɗaga, wasa ya ƙare.

"Ran... ran Al..."

Kalmar tana kan harshen Curtis, kowa ya ga haka. Ya dubi agogon bango, ƙarfe goma sha ɗaya saura minti biyar. Ya dubi Hollis. Ya soke allonsa a hammata, ya gyara tsayuwa.

"Alhamis," in ji Hollis. "Ka zo... da wuri. Zan... lallasa ka."

"Kai ɗin?" Curtis ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "To, ina nan."

Lorraine ta juya ta nufi benci da sauri, ta tusa fuskarta cikin tawul, ta ce wa Bev gumi ne.