Ranar da Mama Ta Zo Neman Aiki

Mahaifiyata, Honorine, korse take ɗinkawa, rigar cikin nan mai siraran ƙarafa da ake ɗaure wa mace ta baya har ƙugunta ya koma kamar na zanzaro. Kafin yaƙin farko, matan manya a keken doki suke zuwa ɗan shagonta na Paris, su zauna jiran layi. A nan na tashi. Tun ina shekara goma sha uku take so ta koya mini yadda ake jera ƙarafan, ni kuwa sai in ce kaina na ciwo.

Da yaƙi ya ƙare sai yayi ya juya. Mata suka yanke gashi, riga ta koma zumbul daga kafaɗa zuwa gwiwa, babu ƙugu babu komai. Ni ma na yanke nawa. Na samu aiki a gidan ɗinkin Madam Ferrand, inda muke mu talatin a ɗaki ɗaya, duk 'yan mata masu ji da kansu.

"Noémie, wannan riga ce ko buhun dankali?" in ji Mama ranar da ta fara ganina cikin sabon yayi.

"Aƙalla mai buhu tana numfashi, Mama."

"Za su dawo," ta ce. "Mace ba ta daɗewa ba ta nemi ƙugunta ba."

Ba su dawo ba. A 1926 ta rufe shagon.

Wata Talata da hantsi muna kan aiki, sai ga ta a ƙofar ɗakin ɗinki. Ba ta gaya mini za ta zo ba. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, mai jan ƙasa da dogon wuya, da hula mai gashin tsuntsu, ta rungumo kwali ɗauke da samfurin aikinta. Aiki ta zo nema.

Wata abokiyar aikina mai suna Fernande, wadda bakinta ba ya shiru, ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke, dubi kakar kakanni. Wa ya bar ƙofar gidan tarihi a buɗe?"

Ɗaki ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Ni ma na yi. Ban san lokacin da dariyar ta fito ba, amma na yi.

Madam Ferrand ta buɗe kwalin, ta juya korse ɗaya a hannu, ta duba ɗinkin da kyau. Ta ce aiki ne mai tsabta, sai dai babu mai saye. Sannan ta lura tsohuwar na kallona.

"Noémie, kin san ta ne?"

"Unguwarmu ɗaya, Madam."

Mama ta rufe kwalinta a hankali, ta ɗaure igiyar, ta yi wa Madam godiya, ta fita. Da na koma gida da yamma na tarar ta dafa miyar albasa. Ta zuba mini, ta yanka burodi, ta tambaye ni ko takalmin nan ya daina matsa mini. Kafin shekara ta ƙare ta koma Limoges wurin ƙanwarta, Inna Berthe, tana yi wa mutane facin kaya. Nakan je duk bayan shekara biyu ko uku. Mukan yi hirar sanyi da tsadar man shanu.

Shekara ashirin da ɗaya suka wuce. An yi yaƙi na biyu, mun ɗinka riguna da labule da tsofaffin barguna. Madam Ferrand ta rasu, ɗanta Lucien ya gaji gidan, ni kuma na zama shugabar ɗakin ɗinki. A farkon 1947 sai gari ya ruɗe da sabon yayi: siket mai faɗi da ke cin yadi goma sha biyar, kafaɗa a sake, ƙugu kuwa a matse tam.

Lucien ya zana wata riga ruwan toka don nunin kayan lokacin kaka. Sau huɗu muna haɗa ta, sau huɗu tana zubewa a jikin mai saka ta don gwaji. Nauyin siket ɗin yana jan saman rigar ƙasa.

"Cikinta ne ba shi da gini," ya ce, yana murza goshi. "Duk Paris babu wanda ya rage da ya iya wannan?"

Na ce akwai. Na naɗe rigar na hau jirgin ƙasa zuwa Limoges.

Mama ta kai saba'in da huɗu a lokacin. Hannunta na rawa, ba ta iya zura zare. Ta shimfiɗa rigar a kan teburin girki, ta juya cikinta waje, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi wannan ɓarna?"

"Ni ce."

"Ai na gani. Berthe, zo ki ga shugabar ɗaki."

Kwana uku muka yi a teburin nan. Ita ke faɗa, ni ke ɗinki. Ta nuna mini inda ƙarfe ke lanƙwasuwa da inda ba ya yarda, da yadda ake bar wa haƙarƙari wuri don mace ta ci abinci ta yi dariya. Ashe ba ta taɓa matse kowa yadda muke zargin masu ɗinka korse ba. In na kauce sai ta buge mini yatsa da cokali, ina mace mai shekara arba'in da ɗaya.

A rana ta uku na ajiye allura.

"Mama, ranar nan da kika zo wurin Madam Ferrand..."

"Kin bar zarenki ya yi sako-sako," ta ce. "Warware daga nan."

Na warware. Ban sake ɗauko zancen ba, kuma gaskiya na ji sauƙi da ta katse ni. Wannan sauƙin shi ya fi damuna yanzu.

Rigar ta tsaya cak. Aka buga hotonta a jarida da sunan Lucien a ƙasa, masu saye suka yi mana yawa har muka ƙara 'yan mata ashirin. Na rubuta wa Mama zan zo Kirsimeti. Aiki ya hana. Na ce sai Ista. A watan Fabrairu waya ta zo daga Inna Berthe.

Bayan jana'iza muna zaune a ɗakin girki, Inna Berthe ta ce mini Mama ta sayi jaridar nan har guda uku. Ta kai wa mai burodi, ta kai wa matar mai kantin magani, ta tare limamin coci a hanya ta nuna masa.

"Me take ce musu?" na tambaya.

"Cewa take bakin siket ɗin ya karkace ta hagu, wai 'yarta ba ta taɓa haƙurin daidaita baki ba."

Da na koma Paris na sa aka ciro rigar, na ɗora ta a kan gunkin gwaji, na durƙusa da ma'auni. Ta hagu ya fi tsawo da faɗin yatsa ɗaya. Fernande, wadda har lokacin muna tare, ta shigo ta same ni a ƙasa, ta tambaya ko allura na yar. Na ce mata e. Ta durƙusa tana taya ni nema.