Kowace Kalma da Raminta

Mijina Tomas ba mai tara abokai ba ne. A coci kowa ya san shi, ana gaisawa a rabu lafiya, amma gidan da zai shiga ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, guda ɗaya ne a duk ƙasar nan, gidan Ishaq. Tare suka yi karatun kwamfuta a nan Manchester, ɗan Kafanchan da ɗan Zariya, sanyi da kewar tuwo suka haɗa su. Daga baya aiki ya ja Ishaq zuwa Birmingham, ya kama gida a Lozells, mu kuwa muka zauna daram a Gorton.

Da yaranmu suka fara tasowa Hausa na suɓuce musu, sai mutanen nan biyu suka ƙirƙiro wani ɗan yaren kwamfuta na koyar da yara. Maimakon yaro ya ba kwamfuta umarni da Turanci, sai ya rubuta "idan", ko "maimaita", ko "tsaya". Suka raɗa masa suna Tatata. Jabez ɗinmu ya ɗan taɓa, ya koma ƙwallonsa. Raki, 'yar Ishaq, ita ce ta riƙe abin da gaske, har ta bi sahun ubanta a jami'a.

Ni aikina kula da tsofaffi ne, ban san kan kwamfuta ba, amma wannan ɓangaren na sha jinsa har na haddace. Wai in kwamfuta ta ci karo da kalma, ba a so ta tsaya tana bin jerin umarnin ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko ita ce. Sai a ba kowane harafi lamba. A ɗauki lambar harafin farko da ta na ƙarshe, a haɗa da tsawon kalmar, abin da ya fito shi ne lambar mazauninta. Leƙe ɗaya, an same ta ko ba a same ta ba. Sharaɗin kawai, kada kalma biyu su faɗa wuri ɗaya. Kuma da zarar an ƙara sabuwar kalma, tana iya faɗawa kan wata, sai an sake rabon lambobin tun daga farko.

To, wannan rabon shi ne Asabar ɗinmu. Mu hau bas tun da safe, ni da kwanon masa a cinya, Tomas da sabuwar kalmarsa a aljihu. Mu tarar Ishaq ya jera kwalayen ƙwai a teburin cin abinci, kowane rami da lambarsa, kalmomin kuma a rubuce a 'yan guntayen takarda. Sai su duƙufa da fensir da magogi. A matsar da wannan, waccan ta faɗa kan wata, a goge, a sake. Manyan mutane masu gemu suna faɗa a kan ramin ƙwai. Ni da Habibatu, matar Ishaq, muna kicin muna miyar taushe muna cin namansu, su ko a jikinsu.

Ba na manta shekarar da "tara" da "tura" suka hana su sakat. Farkonsu ɗaya, ƙarshensu ɗaya, tsawonsu ɗaya, ko wace lamba aka ba harafi tare suke faɗawa. Ishaq ya ce a kori ɗaya, Tomas ya ce a kan me, duk 'yan gida ne. Sai da aka shigar da harafi na biyu cikin lissafin, aka kwashe komai aka sake. Ranar da azumi ne, Tomas ya ƙi taɓa ko ruwa har aka sha, wai ba zai yi lissafi da ƙoshi abokinsa na yi da yunwa ba, kada a ce ya yi maguɗi. In Ishaq ya tashi salla kuwa, Tomas ke gadin kwalayen kada yara su zubar.

Abin da na lura da shi, mutanen nan ba su taɓa kiran juna don gaisuwa kawai ba. In ba kalma, ba tafiya. Amma da an kwana biyu ba a haɗu ba, sai in ga Tomas ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya, wai ya lura Tatata ba ta da kalmar canza launi. Ko Ishaq ya bugo ya ce yara na bukatar "juya". Wane yara? Yaran sun girma har sun fara biyan haya. Ni dai in tashi in jiƙa shinkafar masa.

Bara da kaka sai ga saƙon Ishaq a waya, layi biyu. Wai Raki ta haɗa Tatata da wata manhaja mai yin rabon lambobin da kanta, yanzu ba sai an sha wahalar hanya ba. Tomas ya karanta, ya kife wayar, ya ce ai ya yi kyau, ci gaba ne. Ya tashi ya wanke kofin da na riga na wanke.

Kirsimeti ta wuce, ƙaramar salla ta wuce, ba abin da ya shiga tsakaninsu sai barka da barka a rubuce. Mutumina ya koma zaman kujera, Asabar ta zo ya rasa inda zai sa kansa. Na ce ya kira, ya ce ya kira ya ce me? Wanda ya ce ba ya bukatarka, ba ka kai masa kanka. Abin ya yi mini ciwo, domin na san ba shi da wani Ishaq ɗin a ajiye, kuma a shekarunmu ba a yin sabon tsohon aboki. Ita ma Habibatu in na kira sai "lafiya lau, sai godiya", ta yi sauri ta kawo zancen tsadar kaya.

Zumunta a ƙafa take. Wata Asabar na soya masa, na ce ni zan je ganin Habibatu, shi kuma ya tashi ya riƙe mini jaka tunda bayana na ciwo. Ya yi ta gunaguni har Birmingham, amma sabuwar rigarsa ya sa.

Raki ce ta buɗe mana ƙofa, ta rungume ni tana Turancinta na 'yan Birmingham, wai babanta bai gaya mata muna tafe ba. Ishaq yana falo kusa da taga, rediyo na yi. Ya amsa sallamarmu da fara'a, ya miƙa hannu, amma hannun ya ɗan kauce, sai da Tomas ya kamo shi. Tomas bai lura ba, yana can yana cika yana batsewa, yana bayanin cewa shi rakiya kawai ya yo. Ni kuwa na ga kwalaben maganin ɗigawa a kan tebur, na ga yadda Ishaq ya sa yatsa a bakin kofi kafin ya zuba shayi. Na daɗe ina ganin wannan a wurin aiki. Na dubi Habibatu, ta sunkuyar da kai.

Raki, baiwar Allah, ta ɗauko kwamfutarta don ta burge kawunta Tomas. Ta ce ya faɗi kowace kalma. Ya ce "ɓoye", da gani ya daɗe da ita a aljihu. Ta rubuta, ta danna, kafin in ajiye kofina an gama, kowace kalma ta samu wurinta. Ta yi dariya ta ce irin wannan manhajar ta girme ta ma, ta yi mamakin yadda suka ƙi amfani da ita tuntuni, sai da babanta ya roƙe ta da kansa.

Tomas ya juya a hankali. "Kai ka sa ta?"

"Ni na sa ta."

"Da ka gaji da zuwana, Ishaq, ai sai ka faɗa mini. Ba sai ka aiko mini da saƙon text kamar 'yan council masu karɓar haraji ba."

Ishaq ya laluba ya kashe rediyon. Ya ce tun bara GP, likitan unguwarsu, ya tura shi asibitin ido, suka ce jijiyar ce ke mutuwa, abin da ya tafi ya tafi, sauran ma lallaɓa shi ake yi. Ya ce zuwanmu na ƙarshe da ƙyar ya kai yamma, yana cankar lambobi yana cewa fensirin ne bai fito ba.

"Ban so ka zo ka zauna kana kallona ina lalube ba," in ji shi. "Takardar ba na ganinta, Tomas. Fuskarka ma sai na dage."

Na zaci mijina zai yi faɗa, don Ishaq ya cancanci a yi masa. Ni kaina ina da abin faɗa, na watannin da muka yi asara saboda girman kan maza biyu. Amma Tomas bai yi faɗan ba. Ya tashi ya yaye labulen gaba ɗaya, ya jawo kujerarsa har gwiwarsu ta haɗu, ya cire tabaransa ya ajiye, ya juya fuskarsa wajen haske.

"To dage," ya ce. "Kalle ta da kyau tun tana ganuwa. Ta tsufa, ba ruwana."

Ishaq ya matso, ya daɗe yana kallo. Habibatu ta ja hannuna muka shige kicin, Raki ta biyo mu da kwamfutarta a rufe.