Kash a Minti na Biyu

Ƙarfe huɗu saura kwata na ji tsayawar motar Ɗan Gayu a ƙofar gida. Ɗan Gayu mawaƙi ne, irin masu sa baƙin gilashi har a cikin ɗaki, kuma sati uku ke nan ina haɗa masa waƙa. Sana'ata ke nan: in kaɗa wa mutum jita ko fiyano, in ɗauki muryarsa, in gyara, in haɗa, ya tafi ya yi suna, ni ko oho. Situdiyon nawa tsohon ɗakin ajiye shirgi ne a bayan gidanmu, na lilliƙa masa soso a bango.

Shi ya jawo mini wannan masifa. Wai lallai sai jitar Babana ta shiga waƙar, don da ita ya tashi yana ji a rediyo. Baba kuwa rabonsa da kiɗa shekara uku, tun da hannunsa na hagu ya fara rawa. Kafin in ƙirƙiro uzuri, mutumin nan ya wuce ni ya je ya durƙusa a gabansa. Na ga yadda fuskar tsohon ta washe. A ranar ya sauko da jitar daga kan kabad, ya sauya mata tsirkiya da kansa, bai bari na taɓa ba.

Jiya da safe muka yi ɗauka, ni da shi kaɗai. Sau goma sha huɗu. Kunnensa na nan garau, ya san inda waƙar za ta, yatsun ne suka ƙi bin sa. Duk ya zo hawan nan na minti na biyu sai ɗan yatsa ya zame. A na ƙarshe ya cire abin ji daga kunne, gumi ya jiƙe masa wuya, ya ce, "Uwata, ta yi?"

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Ta yi, Baba. Ɗan gyara ne kawai."

Ƙarya na yi, babu abin gyarawa a ciki. Yau da safe, yana fita asibiti karɓo magani, na ɗauki jitarsa na kaɗa wurin da kaina. Ba wani abin wuya ba ne, shi ya koya mini tun ina 'yar shekara bakwai, na san duk inda yake jan tsirkiya da inda yake sakinta. Har gurnaninsa ban manta ba. Baba in yana kiɗa yakan bi sautin da hanci, ƙasa-ƙasa, duk tsofaffin faifansa da shi a ciki. Jitar ta lantarki ce, ta waya sautinta yake shiga kwamfuta, gurnanin kuma jiya na ɗauke shi daban da makirfo a kusa da bakinsa. Sai na ɗauko na jiya na shimfiɗa a ƙarƙashin kiɗana, na rage shi sosai. Na saurara sau uku, na ce wa kaina, yarinya, kin iya.

Tare suka shigo. Ɗan Gayu ne riƙe da ƙofa, Baba ya sha wanka, har da turare. Ya zauna a kujerar tsakiya, ya ɗora hannun daman a kan na hagun don ya danne rawar.

"Injiniya, saki mana ita mu ji," in ji Ɗan Gayu.

Na danna. Ganguna suka shigo, murya ta biyo. Ni allon kwamfuta nake kallo, amma ta gilashin allon Baba nake leƙe. Jita ta shigo, ya lumshe ido. Muka hau hawan minti na biyu muka sauka lafiya lau. Ɗan Gayu ya miƙe tsaye yana buga cinya.

"Wayyo Allah! Baba, ka kashe ni! Ashe dai ɓoye mana hannu kake yi?"

Baba ya yi murmushi. Na saki numfashi, har na kai hannu zan rufe aikin.

"Tsaya, tsaya," Ɗan Gayu ya ce. "Kashe mini ganguna da muryata, ki bar jitar ita kaɗai. Ƙara mata sauti. So nake in ji har numfashinsa."

"Ba a jin waƙa haka," na ce. "A haɗe ake jin ta."

"Haba Injiniya, waƙata ce fa."

"Na'urar ta yi zafi tun safe."

Baba ya buɗe ido. "Uwata, ki sa masa."

Da a ce ƙasa za ta tsage da na shige. Na kashe komai, na bar jita da gurnani, na ɗaga sauti. Ɗakin ya cika da kiɗana da hancin Baba, tsaf kamar mutum ɗaya ne. Ina ƙirga daƙiƙu a zuci. Me ya rage da ban duba ba? Sau uku na saurara, amma kowane karo da ganguna a kai, ban taɓa jin gurnanin shi kaɗai ba. Sai a lokacin na tuna, kuma lokacin ya riga ya ƙure.

Jita ta hau, sumul, ba ko tuntuɓe. Daidai ƙololuwar hawan, gurnanin ya yanke, muryar Baba ta fito a hankali, a gajiye:

"Kash."

A nan yatsansa ya zame jiya. Na kwaso gurnanin har da takaicinsa.

Ɗan Gayu ya tuntsire da dariya. "Kun ji manya! Abu ya yi kyau haka, shi kuma wai kash! Injiniya, kar ki kuskura ki cire wannan, shi ne gishirin waƙar."

Baba bai yi dariya ba, kuma bai dube ni ba. Hannunsa yake kallo. Ya ɗage na daman daga kan na hagun, ya bar shi yana ta karkarwa a kan gwiwa a gaban kowa, abin da bai taɓa yi ba ko a gaban Umma.

"Mayar da shi baya," ya ce.

Na mayar. Ya sake ji har ƙarshe. Wallahi da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ɗan Gayu, da bai san abin da ake ciki ba, ya zaro waya. "Baba, wane suna za a rubuta a jikin waƙar? Na faifai ko na gaskiya?"

"Rubuta nata."

"Ai nata na nan, a wurin mai haɗawa."

"A wurin jita nake nufi. Ni kash ɗin nan kaɗai na yi."

Ɗan Gayu ya cire gilashi, karo na farko da na ga idonsa. Ya dube ni, ya dubi Baba. Daga bisani ya ce bari ya amsa waya a waje, alhali wayar ba ta yi ƙara ba.

Muka rage mu biyu. Na sauko daga kujera na durƙusa. "Baba, ka yafe mini. Ba na so ne ka..."

"Ɗan ƙaramin yatsan nan naki," ya katse ni. "Shekara ashirin ina cewa ki daina ɗaga shi a hawa. Yaushe kika daina?"

Na share hawaye da bayan hannu.

"Ya yi tsabta," ya ce. "Ko ina da lafiya sai na yi sau biyu kafin in same shi haka."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya nufi ƙofa. Jitar na jingine a bango inda na ajiye ta da safe, da sabuwar tsirkiyar da ya ɗaura mata.

"Baba, ka bar jitarka," na ce.

Bai juyo ba. "Ki riƙa goge ta bayan kin gama. Ba ta son gumi."