Muryar Farfesa Ta Riga Shi Amsawa

Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Farfesa, ƙafa da hannu sun dawo a hankali, harshe ne ya yi taurin kai. Mutumin da ake cewa ko dutse ya yi wa bayani sai ya gane, yanzu sai ya yi gumi kafin ya ce a ba shi ruwa.

Shi ya kafa ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira a jami'ar da yake koyarwa. Kuma shi da hannunsa, tun yana da lafiya, ya tattara laccocinsa da aka naɗa ya horar da wata manhaja don ta riƙa amsa tambayoyin ɗalibai idan ya yi tafiya. Ta ɗauki muryarsa da misalansa, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya faɗi muhimmin abu. Da ya kwanta, sai sashen ya miƙa mata ajinsa. Wai na wucin gadi.

Ajin nan yake so a mayar masa. Bai damu da ofis ko muƙami ba, shi dai a bar shi da 'yan shekarar farko, masu zuwa ido zuru-zuru ba su san komai ba.

Shugaban sashen tsohon ɗalibinsa ne, har yau ba ya zama sai Farfesa ya zauna. Ya zo gida, yana kallon takalminsa ya ce, "Malam, ka zo ka yi lacca ɗaya. In ta tafi daidai, ajinka ne, ba mai ja."

Daga ranar falo ya zama aji, ƙofar kabad ta zama allo, matarsa kuwa ta zama ɗaliba ba da son ranta ba.

"Ni da na yi aure don in huta da boko," in ji ta, "ga shi da furfurata an mayar da ni aji ɗaya." Amma takan zauna har ya gama, kuma ko kalma ta maƙale masa ba ta taɓa ƙarasa masa ita.

Ranar laccar ɗakin ya cika, shugaban sashen ya rakuɓe a kujerar baya. Farfesa ya fara a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ya bayyana yadda na'ura ke koyo daga kuskurenta. Ya ga ana rubutu, sai ya ji sanyi a ransa.

Can wata ɗaliba mai tabarau ta ɗaga hannu. "Malam, ya za a gane na'ura ta fahimta ne, ko haddace misalan kawai ta yi?"

Wannan tambayar ya fi so a duniya. Amsar tana kansa cikakkiya. Ya buɗe baki, kalmar farko ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, ta sake ƙi. Ɗalibai suka sunkuyar da kai don kunya ta kama su a madadinsa.

Wakilin ajin, da ke kusa da kwamfutar, ya kasa jurewa. Ba don mugunta ba, wallahi tausayi ne. Ya rubuta wa manhajar tambayar ya danna.

Lasifika ta yi gyaran murya. "'Yata, kin san yaron tela da ya iya ɗinka awon maigidansa kawai? To, kai masa mai ƙaton tumbi, a nan za ki san ko ya iya ɗinki."

Ajin ya fashe da dariya, kowa ya saki numfashi, aka duƙufa rubutu. A lokacin ne kalmar ta zo bakin Farfesa, ya faɗe ta sarai, amma ba wanda ke kallonsa. Ya tsaya da alli a hannu yana sauraron kansa. Amsar daidai take, ko wasali ba zai canza mata ba, kuma wannan ne ya karya masa zuciya.

Da aka tashi shugaban sashen ya matso, idonsa ya yi ja. "Malam, ai za mu iya sake..."

Farfesa ya ɗaga hannu. "Ku... bar mata ajin."

A bakin matakala mai tabarau ta cim masa, ta rusuna. "Malam, na gode. Duk jami'ar nan ba wanda nake gane karatunsa kamar kai. Kullum da kai nake bita." Ta nuna masa manhajar a wayarta.

Ya so ya gaya mata wani abu da ba ya cikin laccocin nan, abin da ya gano yana kwance. Ya fara haɗa kalmar. Ta jira cikin ladabi, ta ƙara jira, sannan ta ce, "Allah ya ƙara lafiya, Malam. Zan tambaye ka anjima." Ta saka wayar a jaka ta sauka.